Ƙwayar maganaɗisu mai kaɗawa sau biliyoyi a daƙiƙa: me ya hana ta shiga wayar salula?

A shekarar 2003 wasu masu bincike a Jami'ar Cornell da ke jihar New York ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Dan Ralph da Robert Buhrman, suka sassaƙa wani ɗan mitsitsin ginshiƙi na ƙarfe. Fuskarsa nanomita 130 ce a tsawo, 70 a faɗi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, don haka ko an jera irin ginshiƙin nan dubu bakwai ba za su cika milimita guda ba. Falle uku ne ke da muhimmanci a cikinsa: kobalt mai kaurin nanomita 40, sai jan ƙarfe mai nanomita 10 a kansa, sai wani kobalt ɗin siriri mai nanomita 3 kacal. Suka ajiye shi a cikin filin maganaɗisu, suka tura masa wutar lantarki miƙaƙƙiya irin ta batir, wadda ba ta kai-komo. Abin da ya fito musu ta wayar lantarkin da aka jona masa sigina ce mai kaɗawa sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, wato a zangon maikurowef, inda wayar salula da Wi-Fi ke harkokinsu.

Duk wanda ya san cikin waya zai gane dalilin da ya sa aka yi ta ɗoki. Babu na'urar sadarwa da ba ta da osileta, abin da ke samar da kaɗawar da ake ɗora murya ko saƙo a kanta. Wadda ake amfani da ita yanzu tana buƙatar naɗin waya da ke cin fili mai faɗin ɗaruruwan maikuromita a kan cif, wato ɗan fallen da ake dasa kayan lantarkin na'ura a kai, kuma fili a kan cif kuɗi ne. Ga kuma wata da ta fi ta ƙanƙanta sau dubu a faɗi, wadda in ka ƙara mata wuta kaɗan saurin kaɗawarta ya sauya nan take. Yau an haura shekara ashirin, kuma babu wayar da ke kasuwa da ke sadarwa da irin wannan osileta. A ganina ba sakaci ba ne, ba kuma rashin kuɗin bincike ba. Halin da ya sa na'urar ta burge mutane shi ne dai halin da ya hana ta aikin da aka yi mata tanadi tun farko, kuma sai da aka daina yaƙi da wannan hali sannan aka fara ganin inda za ta yi rana.

Tushen maganar yana jikin ilektiron. Ban da cajin da muka sani, wanda shi ne wutar lantarki, kowane ilektiron yana da wata ɗabi'a da ake kira sifin, wadda ke mayar da shi ɗan ƙaramin maganaɗisu mai fuskantar wani ɓangare. A cikin jan ƙarfe fuskokin nan a warwatse suke, kowa da inda ya dosa, sai su kashe juna. A baƙin ƙarfe da kobalt da nikel kuwa mafi yawansu sun karkata wuri guda, shi ya sa waɗannan ƙarafa ke zama maganaɗisu. A 1988 Albert Fert a Orsay ta Faransa da Peter Grünberg a Jülich ta Jamus, kowa a nasa ɗakin gwaji, suka gano cewa in aka jera fallayen baƙin ƙarfe da kuromiyom masu kaurin 'yan ƙwayoyin zarra, turjiyar da wuta ke gamuwa da ita tana raguwa sosai idan fallayen maganaɗisun suna kallon gefe ɗaya, tana kuma ƙaruwa idan sun juya wa juna baya. Kafin shekara goma ta cika, a 1997, kamfanin IBM ya sa wannan dabara a kan allurar da ke karanta faifan ajiyar kwamfuta, kuma a 2007 mutanen biyu suka karɓi kyautar Nobel.

Wannan rabin labarin ke nan: maganaɗisu na iya sarrafa wuta. A 1996 John Slonczewski na IBM da Luc Berger na Jami'ar Carnegie Mellon, su ma kowa da nasa lissafin, suka ce ai hanyar tana da dawowa, wuta ma na iya sarrafa maganaɗisu. Ilektiron da ya ratsa falle mai kauri yana fitowa ne sifin ɗinsa ya bi fuskar wannan falle. Ya tsallake jan ƙarfen da ke tsakiya bai manta fuskar ba, saboda tazarar gajeriya ce. Da ya shiga siririn falle, wanda ke kallon wani gefe daban, dole ya sauya fuska ya bi ta masu gida. To amma juyi ba ya ɓacewa haka kawai. Abin da ilektiron ya sauke, siririn fallen ne ke ɗauka a matsayin turi. Turin ilektiron ɗaya ba komai ba ne. Sai dai miliamfiya ɗaya na wuta na nufin ilektiron sama da tiriliyan dubu shida na wucewa kowace daƙiƙa, ta cikin fallen da kaurinsa bai fi ƙwayoyin zarra goma sha wani abu ba.

A nan ne wanda ya taɓa murza katantanwa yana yaro zai riga kowa fahimta. In ka murza ta ta ɗan karkata, ba faɗuwa take yi kai tsaye ba, sai kanta ya riƙa zagaye yana zana da'ira. Fuskar maganaɗisu a cikin fili haka take yi: in an kautar da ita daga inda filin ke so ta tsaya, sai ta riƙa kewaya wannan layi. Lev Landau da Evgeny Lifshitz sun rubuta lissafin wannan kewaye tun 1935, wani masani mai suna Gilbert ya gyara ɓangaren da ya shafi lafawa a 1955. Saurin kewayen ya danganta da ƙarfin fili, kusan gigahaz 28, wato zagaye biliyan 28 a daƙiƙa, ga kowace tesla ɗaya (ma'aunin ƙarfin fili), ban da abin da siffar fallen kanta ke ƙarawa. Matsalar ita ce ƙarfin kewayen yana tsiyayewa ya koma zafi a cikin ƙarfen, kuma cikin 'yan nanodaƙiƙa da'irar ta tsuke, komai ya lafa. Abin da Slonczewski ya hango shi ne, in wuta ta bi ta ɓangaren da ya dace, turin ilektiron yana zuwa ne daidai kishiyar wannan lafawa. Kamar a ce katantanwar ta samu hannun da ke ƙara murza ta a kowane zagaye. In wutar ta kai wani mataki, abin da ake zubawa ya biya abin da ke tsiyayewa, da'irar sai ta buɗe ta tsaya a wani faɗi, ta ci gaba da kewayawa muddin wuta na tafiya.

Wani lokacin turin kan yi yawa har fuskar ta kife gaba ɗaya ta koma ɗaya gefen ta zauna. Wannan kifewa, wadda rukunin Cornell ɗin ya nuna a 2000, ita ce ta haifi sabon nau'in ma'ajiyar bayanai ta MRAM da ba ta mantuwa in an ɗauke wuta, wadda Everspin da Samsung da TSMC ke ƙerawa yau. Wato 'yar'uwar osiletar ta riga ta shiga kasuwa ta kama sana'a. Ita osiletar tana samuwa ne in an sa fili mai ƙarfin da zai hana kifewar, sai fuskar ta rasa wurin zama ta yi ta zagaye. Tun da kuma turjiyar ginshiƙin ta danganta da kusurwar da ke tsakanin fallayen biyu, kowane zagaye na sa turjiyar ta hau ta sauka. Wuta miƙaƙƙiya a kan turjiya mai hawa da sauka, sai ta ba da boltej mai kaɗawa. Dabarar 1996 ce ke tura abin, dabarar 1988 ce ke ba mu damar jin sa.

Ƙanƙantar ba ado ba ce, tilas ce. Turin yana buƙatar cunkoson wuta da ya kai kimanin amfiya miliyan goma a kowace murabba'in santimita. Wayar wutar gida mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da ke ɗauke da amfiya 20 tana kan amfiya 800 ne a murabba'in santimita, wato ginshiƙin yana shan fiye da ninki dubu goma na wannan. Abin da ya cece shi daga narkewa shi ne ƙanƙantarsa: a da'ira mai faɗin nanomita 100, miliamfiya ɗaya ya isa ya kai wancan cunkoso, kuma ƙarafan da ke sama da ƙasa suna kwashe zafin da sauri. In aka faɗaɗa shi, wutar da ake buƙata ta ƙaru, filin maganaɗisun da ita wutar ke haifarwa a kewayenta ya rinjayi turin sifin, lissafi ya watse.

To daga nan matsala ta fara. Ta farko rashin ƙarfi. A ginshiƙin da duk ƙarfe ne, sauyin turjiyar bai kai om ɗaya ba (om shi ne ma'aunin turjiya), siginar da ke fita kuwa ana auna ta ne da fikowat, kashi ɗaya cikin tiriliyan na wat. Osiletar da ke cikin waya tana ba da abin da ya kusa miliwat. An samu sauƙi a 2004, lokacin da Stuart Parkin a IBM da Shinji Yuasa a cibiyar AIST da ke Tsukuba ta Japan suka nuna cewa in aka cire jan ƙarfen tsakiya aka sa fallen magnesiyom oksaid mai kaurin kusan nanomita ɗaya, wanda ba ya ɗaukar wuta sai dai ilektiron ya ratsa shi ta hanyar da ka'idar kwantom ta yarda, sauyin turjiyar yana haura kashi ɗari cikin ɗari. A 2008 wani rukuni a Jami'ar Tohoku ya kai kashi 604 a zafin ɗaki. Da wannan ƙarfin siginar ya tashi zuwa maikurowat. Ci gaba ne babba, sai dai fallen oksaid ɗin yana da rauni, boltej da ya wuce bolt ɗaya da 'yan kai na iya huda shi, na'urar ta mutu.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma ita ce zuciyar wannan sharhi. Na'urar sadarwa tana son osileta mai tsayuwa a kan magana ɗaya. In an ce gigahaz 2.4, to ta tsaya nan, kada ta zame ko kaɗan, domin maƙwabta na amfani da zangon da ke gefe. Ita kuwa osiletar sifin, saurin kaɗawarta ya rataya ne a kan faɗin da'irar da take zanawa. Da'ira ta buɗe, sauri ya sauya. Ta tsuke, ya sake sauyawa. Wannan ne ya sa ake iya juya ta da wuta cikin nanodaƙiƙa kaɗan, abin da aka yi ta yabo. Amma ƙwayar maganaɗisu mai wannan ƙanƙanta ba ta da nauyin da za ta yi biris da zafin ɗaki. Girgizar ƙwayoyin zarra na ta bugun ta, da'irar na buɗewa tana tsukewa ba tsari, kuma duk bugun da ya taɓa faɗin da'ira ya taɓa sauri. Maimakon layi ɗaya siriri, sai a ga siginar ta baje a kan megahaz (kaɗawa miliyan a daƙiƙa) da dama, wani lokacin goma-goma har ɗari. Andrei Slavin da Vasil Tiberkevich na Jami'ar Oakland a Michigan sun tsara ka'idar da ta fayyace wannan a 2009, kuma abin da ta nuna ba mai daɗin ji ba ne ga masu ƙera waya: gwargwadon sauƙin juya osiletar, gwargwadon yadda hayaniyar zafi ke samun ƙofar shiga. Ba a raba su. Duk wanda ya ce zai ba ka ɗaya ba tare da ɗayan ba, a duba lissafinsa da kyau.

An gwada hanyoyin kaucewa. Cibiyar ma'aunai ta Amurka, NIST, da ke Boulder a Colorado ta bar fallen a shimfiɗe, ta zuba wuta ta wani ɗigo mai faɗin nanomita 40, ta samu sigina mai tsabta sosai a 2004, amma mai rauni. Wasu suka koma ga faifai mai faɗin ɗaruruwan nanomita, inda maganaɗisun ke murɗewa ya yi guguwa mai ƙaramar cibiya a tsakiya. Wuta na sa cibiyar ta riƙa kewaya tsakiyar faifan. Wannan ya fi nutsuwa, ya fi ƙarfi, amma saurinsa ɗaruruwan megahaz ne, bai kai inda Wi-Fi yake ba.

Hanyar da ta fi jan hankalina ita ce ta taron dangi. Tun 1665 Christiaan Huygens ya lura cewa agoguna biyu masu lilo da aka rataya a katako ɗaya suna daidaita bugunsu da kansu, saboda ɗan motsin da kowanne ke aika wa ɗan'uwansa ta cikin katakon. A 2005 rukuni biyu, ɗaya a NIST ɗaya a kamfanin Freescale, suka nuna cewa osileta biyu na sifin da ke kusa da juna a kan falle ɗaya suna yin haka. Kowace na tayar da igiyoyin sifin da ke tafiya cikin fallen su isa ga ɗayar, sai su kulle a sauri guda. Ribar biyu ce. Ƙarfin sigina na iya ƙaruwa da murabba'in adadinsu, wato goma su ba da ninki ɗari. Hayaniyar zafi kuma, tun da kowace da irin bugun da take sha, sai ta riƙa kashe kanta a cikin taro, layin siginar ya sirance. A takarda abin gwanin sha'awa. A ɗakin gwaji kuwa tafiya daga biyu zuwa goma ta ci fiye da shekara goma, domin ba a iya sassaƙa ginshiƙai biyu iri ɗaya sak a wannan ma'auni. Bambancin 'yan nanomita a gefe ya isa ya raba saurinsu har su kasa jin juna.

Abin da ya buɗe hanya wata dabara ce daban ta samar da turin. Tun 1971 Mikhail Dyakonov da Vladimir Perel suka yi hasashen cewa a wasu kayan, wuta da ke tafiya a miƙe tana rarraba ilektiron gida biyu, masu sifin iri ɗaya su karkata sama, kishiyoyinsu su karkata ƙasa. A ƙarafa masu nauyi irin su filatinom da tantalom da tungsten abin yana da ƙarfi. Sai ya zama ba sai wuta ta ratsa ginshiƙi ba: a shimfiɗa filatinom, a ɗora siririn maganaɗisu a kai, a tura wuta ta gefe, sifin ya riƙa tsiyaya sama da kansa. An nuna osileta irin wannan a Münster ta Jamus a 2012. Daga baya aka mayar da ita ɗan ƙunci kawai a jikin fallen, wurin da hanyar wuta ta matse zuwa kimanin nanomita 100. Falle biyu, yanka ɗaya, an gama. A 2017 rukunin Johan Åkerman a Jami'ar Gothenburg ta Suwidin ya daidaita tara a jere, a 2020 kuma 64, takwas sau takwas. Sai dai siginar wutar da irin waɗannan ke fitarwa ta fi ta masu oksaid rauni nesa ba kusa ba, kuma galibin gwaje-gwajen ana yin su ne a tsakanin manyan maganaɗisun lantarki da ba su da wurin zama a aljihun kowa.

Wurin da osiletar ta fi kusantar kasuwa shi ne faifan ajiyar kwamfuta, kuma labarin yana da darasi. Don a cusa bayanai da yawa, dole ƙwayoyin maganaɗisun faifan su ƙanƙance. Don kada zafi ya goge su, dole a yi su da kaya mai taurin kai. In sun yi taurin kai kuma allurar rubutu ba ta iya juya su. A 2008 Jian-Gang Zhu na Carnegie Mellon ya ba da shawarar a dasa osiletar sifin a bakin allurar, ta riƙa kaɗa ƙwayar da ake son rubutawa a daidai saurinta har ta yi laushi. Kyawun shawarar shi ne a nan ba ruwan kowa da raunin siginar wuta ko tsabtarta. Filin maganaɗisun da ke dab da osiletar ake so, kuma yana da ƙarfi a tazarar 'yan nanomita. A Oktoban 2017 kamfanin ƙera faifai na Western Digital ya yi shelar cewa wannan ce hanyarsa, har ya ambaci faifai mai terabait 40 zuwa 2025. Abin da ya fitar daga baya wata dabara ce mai sauƙi da ba ta kai can ba. Toshiba ya fitar da faifai mai terabait 18 a 2021 da ke ɗauke da na'urar turin sifin a allurarsa, amma aikinta a wannan samfurin karkata filin rubutu ne zuwa kan faifai, ba kaɗa ƙwayoyin ba. Seagate kuwa ya bi hanyar ɗumama wurin rubutu da hasken leza, ya kai terabait 30 a 2024.

Sauyin tunani na gaskiya ya zo ne daga Palaiseau kusa da Paris, a ɗakin binciken haɗin gwiwa na cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, da kamfanin Thales, inda Julie Grollier ta tambayi abin da ya kamata a tambaya tun da wuri: wane aiki ne ke son na'urar da ba ta amsawa a miƙe, mai saurin jin maƙwabta, mai ɗan riƙe abin da ya faru da ita na ɗan lokaci? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa haka suke. Su ma masu kaɗawa ne, masu hayaniya, masu daidaita bugu da juna, kuma kusan biliyan 86 daga cikinsu suna aiki da abin da bai wuce wat 20 ba. A 2017 rukuninta ya ɗauki osileta ɗaya tak mai guguwa, wadda aka ƙera a AIST, ya mayar da muryoyin mutane masu furta lambobi daga sifili zuwa tara zuwa wuta mai hawa da sauka, ya zuba mata. Faɗin kaɗawarta ya riƙa amsawa ta hanya mai lanƙwasa, yana ɗauke da ragowar abin da ya shiga ɗazu. Aka sa ita kaɗai ta taka rawar ƙwayoyi 400 ɗaya bayan ɗaya, aka karanta amsoshin, aka samu gane lambobin da ya kai kashi 99.6 cikin ɗari. A 2018 suka haɗa osileta huɗu, suka mayar da wasulan Ingilishi guda bakwai zuwa siginar maikurowef biyu-biyu. Kowane wasali na sa wasu daga cikin huɗun su kulle da siginar, wasu su ƙi, kuma tsarin wa ya kulle da wa shi ne amsar. Koyarwar ba komai ba ce illa daidaita wutar da ke shiga kowace osileta kaɗan-kaɗan har amsoshi su gyaru. Sun haura kashi 80.

A nan sauƙin juyawar nan da ya hana ta zama a waya shi ne jarinta, domin osiletar da ba ta sauya sauri cikin sauƙi ba za ta iya bin sigina ta kulle da ita ba, ba kuma za ta koyu ba. Amma a yi hattara da adadin 99.6. Kafin murya ta kai ga osiletar, kwamfuta ta gama-gari ta riga ta tace ta da wata dabara mai kwaikwayon kunnen mutum, kuma wannan tacewa kaɗai na ɗauke wani kaso mai tsoka na aikin. Bayan osiletar ma kwamfuta ce ke haɗa amsoshi ta yanke hukunci. In za a yi lissafin wutar da aka ci, a haɗa da waɗannan, da na'urorin awo da suka cika tebur. Haka abin yake da gwajin da Jami'ar Ƙasa ta Singafo da Tohoku suka yi a 2021, inda aka juya aikin baya: osileta takwas a jere suka tsotsi siginar gigahaz 2.4 suka mayar da ita wuta miƙaƙƙiya, cajin daƙiƙa biyar ya kunna ƙaramin ƙwan LED na minti ɗaya. Ya nuna abin na yiwuwa, bai nuna ya fi abin da ake da shi araha ba.

Abin da ke ba wannan fanni ƙarfin gwiwa ba ya cikin ɗakin gwaji, yana masana'anta. Ginshiƙin kobalt da baƙin ƙarfe da boron mai fallen magnesiyom oksaid a tsakiya shi ne dai wanda ake dasawa miliyoyi a kan cif ɗin MRAM, a saman taransistoci, a layukan ƙira na nanomita 28 da 22. Injinan da kayan duk suna nan. Amma ƙwayar MRAM amsa biyu kawai ake nema a wurinta, sama ko ƙasa, don haka ko ta ɗan bambanta da maƙwabciyarta ba wanda ya damu. Osileta dubu da za su yi lissafi tare kuwa dole saurin kowace ya faɗo kusa da na sauran, dole a samu hanyar ƙara ko rage yadda kowace ke jin wata, a riƙe wannan saitin ko an ɗauke wuta, kuma a yi duk wannan ba tare da maganaɗisun waje ba. Rukunin Gothenburg ya gwada ɗora wata ƙofar boltej mai riƙe saitinta a kan kowane ƙunci don a juya su ɗaya-ɗaya, kuma ya yi aiki a kan 'yan ƙalilan.